Wane Fim Mai Dogon Zango Ne Ya Fi Kowanne? Fashin Baƙi Kan Gardamar Da Ta Ƙi Ƙarewa

A majalisun shayi na Garwa da Marwa, in an gama musun Roger Milla da Samuel Eto'o, akwai wani musun da ke biyo baya: tun da aka fara talabijin, wane fim mai dogon zango ne ya fi kowanne? Wanda ya taso a zamanin faifan DVD zai rantse da 24 heures chrono ko Prison Break. Na kusa da shi zai ce duk wanda bai kalli Ertuğrul ba bai ga komai ba. A cikin gida, iyaye mata na tuna Marimar, 'yan mata na kare Labarina. A Kusiri da Injamena kuwa akwai masu cewa babu kamar musalsal ɗin Larabawa na watan azumi. Sai ɗalibin jami'ar Ngaundare ya zaro waya ya nuna jerin da wata mujallar Amurka ta buga, The Sopranos a sama, fim ɗin da wataƙila babu mutum biyu a majalisar da suka taɓa gani.

Abin da ke hana gardamar ƙarewa shi ne kowa na amfani da kalmar "fi" amma ma'auninsa daban. Ƙari a kan haka, abubuwan da ake gwadawa ba jinsi ɗaya ba ne, kuma sau da yawa abin da ya iso allonmu ya riga ya sauya daga yadda masu shi suka yi shi.

Me ake nufi da dogon zango?

Kalmomi biyu za su yi ta maimaituwa. Kashi shi ne abin da ake nunawa a zama ɗaya, wanda masu Faransanci ke kira épisode. Zango shi ne tarin kashi-kashin da ake fitarwa a jere kafin a tafi hutu, wato saison.

Faransanci ya raba abin da Hausa ta haɗa. Série a asalinta ita ce wadda kowane kashi ke da labarinsa da ke ƙarewa a ranar, kamar na 'yan sanda da ke kama ɓarawo ɗaya kowane mako. Feuilleton kuwa labari ɗaya ne da ke ci gaba, in ka rasa na jiya ka ɓata a na yau. Samanja na da irin na farko ne, Labarina irin na biyu.

Daga nan kowace ƙasa da ƙirarta, kuma ƙirar ta samo asali ne daga yadda ake biyan kuɗin aikin. Manyan tashoshin Amurka na kyauta sun saba yin kashi 22 zuwa 24 a zango, kowanne kusan minti 42, sauran mintunan awar na talla ne. Tashoshin da ake biya kamar HBO a da sukan yi kashi 10 zuwa 13. Telenobela ta Meziko da Birazil ana nuna ta kullum, yawanci kashi 120 zuwa 200, kuma tun kafin a fara an san za ta ƙare, galibi da aure. Musalsal na azumi kashi 30 ne, ɗaya kowane dare. Koriya ta Kudu ta saba da 16 zuwa 20, ban da na tarihi irin Jumong da ya kai 81. Turkiyya na fitar da kashi ɗaya a mako mai tsawon awa biyu ko fiye. Na Indiya na yau da kullum ba su wuce minti 22 ba, amma wasu sun haura kashi 1,000. A Ingila akwai Coronation Street da ke tafiya tun 1960.

Wanda ya gwada mai kashi 60 da mai kashi 1,000 kamar ya haɗa dokin sukuwa da raƙumin fatauci ne a tsere ɗaya. Na farko an gina shi don ya kai ka wani wuri. Na biyu an gina shi don ya zauna da kai a gida shekara da shekaru, shi ya sa yake maimaita bayani, yake dawo da abin da ya faru jiya, don matar da ta tashi duba tukunya ta dawo ba ta rasa komai ba. Masana na ɗaukar wannan maimaici a matsayin rauni, alhali da gangan aka yi shi.

Su wa ke fitar da jerin gwanaye?

Jerin da ke yawo a waya daga wurare uku suke fitowa, kuma kowanne da son ransa.

Akwai na masu sharhi da marubuta. A 2013 ƙungiyar marubutan fim ta Amurka ta zaɓi shirye-shirye 101 da suka fi kyawun rubutu, The Sopranos ya zo na ɗaya. Mujallar Rolling Stone ta ba shi wannan matsayi a 2016, ta sake ba shi a 2022. A 2021 sashen al'adu na BBC ya tambayi masana 206 daga ƙasashe 43 game da shirye-shiryen ƙarni na 21, The Wire ya zo na ɗaya, Mad Men na biyu, Breaking Bad na uku. A lura cewa zaɓen BBC ya fara ƙirga daga shekarar 2000, shi kuwa The Sopranos ya fara a 1999, don haka bai ma shiga takarar ba. Wanda ya kawo wannan jerin a matsayin hujjar cewa The Wire ya kayar da shi bai karanta sharaɗin ba.

Akwai na kyaututtuka, babbarsu Emmy da aka fara bayarwa a 1949. Game of Thrones ya tara guda 59. The Wire, wanda masana da yawa ke ɗorawa a sama da shi, bai samu ko ɗaya ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kyauta na bin wanda ke tashe a shekararsa da wanda kamfaninsa ya yi masa yaƙin neman ƙuri'a. Kuma Emmy ta gida ce ta Amurka. Sai a 2022 aka fara saka shirin da ba na Turanci ba cikin masu neman kyautar dirama mafi kyau, wato Squid Game na Koriya, sai a 2024 Shōgun, wanda yawancinsa da Japananci ne, ya ci ta.

Na uku shi ne makin IMDb, shafin intanet na bayanan fina-finai, inda duk mai rajista ke ba da maki daga 1 zuwa 10. Nan ne Breaking Bad ke sarauta. Amma masu jefa wannan ƙuri'a masu intanet ne da suka damu su yi rajista da Turanci, kuma magoya bayan wani shiri na iya yin gayya su zuba 10 ga nasu, su zuba 1 ga na abokin hamayya. Matan Unguwar Hausawa da suka shekara suna bin telenobela ɗaya ba su da ƙuri'a a nan.

Don haka in jerin ya ce "mafi girma a tarihi", fassararsa ta gaskiya ita ce: mafi girma cikin waɗanda masu zaɓen suka kalla, kuma mafi yawansu da Turanci suke kallo.

Me ya ɗaga waɗannan ukun?

Duk da haka, ba banza ba ne sunaye uku ke ta dawowa: The Sopranos, The Wire da Breaking Bad. Akwai abin da suka yi da ya cancanci a fahimta, ko da mutum ba zai kalle su ba.

Tashar da ke rayuwa da talla tana tsoron ɓata wa mai talla rai. Dole jarumi ya zama mutumin kirki, dole a datse labari kowane minti goma da wani abin faɗuwar gaba don kada mai kallo ya sauya tasha lokacin talla. HBO kuɗin masu rajista take ci, babu talla a tsakiyar shiri. Wannan ya sake wa marubuci mara. The Sopranos, da David Chase ya ƙirƙira, ya yi kashi 86 daga 1999 zuwa 2007, kuma jaruminsa shugaban 'yan daba ne a New Jersey da ke zuwa wurin likitar ƙwaƙwalwa saboda firgici na kama shi. Mutum ne mai kisa, mai son 'ya'yansa, mai tsoron mahaifiyarsa, kuma shirin bai taɓa wanke shi ba. Kafin wannan, masu tashoshi ba su yarda mai kallo zai bi irin wannan mutum shekara takwas ba.

The Wire na David Simon, tsohon ɗan jarida, kashi 60 ne daga 2002 zuwa 2008. Jaruminsa birnin Baltimore ne kansa. Zangon farko dillalan ƙwaya da 'yan sanda, na biyu ma'aikatan tashar jirgin ruwa, na uku 'yan siyasar birni, na huɗu makarantun gwamnati, na biyar gidan jarida. Abin da yake nunawa shi ne yadda tsarin hukuma ke lanƙwasa mutumin kirki: babban ɗan sanda na rage adadin laifuffuka a takarda don ya faranta wa na sama, malamin makaranta na koyar da amsar jarrabawa maimakon karatu. Duk wanda ya taɓa bin fayil daga ofis zuwa ofis a ƙasashenmu zai gane wannan duniyar ba tare da an yi masa bayani ba. Aibinsa ga mai kallo na yau shi ne jinkiri. Kashi huɗu ko biyar na farko kamar babu abin da ke faruwa, kuma mutane sun yi yawa.

Breaking Bad na Vince Gilligan, kashi 62 daga 2008 zuwa 2013 a tashar AMC, ya fi su sauƙin shiga. Malamin kimiyya ne da aka gano yana da ciwon dajin huhu, ya shiga haɗa ƙwaya da sunan bar wa iyalinsa abin dogaro. Gwanintar a nan ita ce sauyin hali a hankali. Kowane mataki da ya ɗauka yana da dalilin da za ka iya yarda da shi, sai ka waiga ka tarar mutumin da ka tausaya wa a farko ya zama dodo.

A bayan dukansu akwai tsari ɗaya: ɗakin marubuta, inda mutum shida zuwa goma ke zama makonni suna tsara zango gaba ɗaya a allo kafin a kunna kyamara, da uban tafiya guda da maganarsa ce ta ƙarshe a rubutu da tacewa. A riƙe wannan, za mu dawo gare shi in mun zo kan namu.

In yawan masu kallo ne ma'auni

Da an bi wannan ma'auni, da jerin ya juye gaba ɗaya. Kashin ƙarshe na M*A*S*H a 1983 ya tara sama da mutum miliyan 100 a Amurka a dare ɗaya. Roots, labarin Kunta Kinte da aka sato daga Gambiya, an nuna shi dare takwas a jere a 1977, kuma darensa na ƙarshe ya kusa wannan adadi. Oshin na Japan, kashi 297 na minti 15 da tashar NHK ta fara a 1983, ya taɓa kai kashi 62.9 cikin ɗari na masu kallo a ƙasarsa, sannan ya zaga ƙasashe da dama har da Iran da Masar. Ramayan na Indiya a 1987 ya riƙa kwashe mutane daga tituna ranar Lahadi da safe.

Sai dai waɗannan alƙaluma na zamanin tasha ɗaya ko uku ne. A Kamaru talabijin ta fara a 1985, aka kafa CRTV a 1987, a Chadi ma a ƙarshen 1987 ta fara. A shekarun da suka biyo, abin da tashar gwamnati ta saka da ƙarfe takwas shi ne abin da gari duka ya kalla, a tsakar gidan mai akwati ɗaya a unguwa. Wanda ke cewa ba a sake yin kamar Marimar ba yana da gaskiya ta wani ɓangare: ba za a sake samun dare da unguwa duka ke kallon abu ɗaya ba, tunda yanzu kowa da wayarsa, ga Canal+ da StarTimes da kwanon da ke kamo tashoshin Larabawa kyauta. Abin da yake kewa rabinsa fim ne, rabinsa taron ne da ƙuruciyarsa.

Abin da ya iso gare mu

Nan ne gardamar yankinmu ta bambanta da ta ko'ina, kuma nan aka fi yin sakaci. Kusan babu shirin waje da muke kallo da harshensa na asali. Mutumin Garwa na kallo da Faransanci, na Injamena da Larabci, wani da fassarar Hausa da ta tsallako daga Kano.

Mai ɗora murya da Faransanci dole ya daidaita magana da motsin leɓe, don haka yana rage jimla ko ya sauya ta. The Wire, da ake kira Sur écoute a Faransanci, rabin ƙarfinsa na cikin harshen titi na baƙaƙen Baltimore, da yadda maganar ɗan daba ta bambanta da ta lauya. In aka mayar da kowa Faransancin Paris, wannan ya tafi. Shi ya sa mutum zai kalle shi a nan ya ce bai ga abin yabo ba, kuma ba laifinsa ba ne. 24 heures chrono da Prison Break ba sa asarar komai a fassara, domin ƙarfinsu a agogo ne da gudu da tserewa. Wannan babban dalili ne da ya sa suka yi sarauta a zamanin faifai daga Duwala har Kusiri.

Wani lokaci fassara ƙara wa shiri daraja take yi. Gümüş na Turkiyya bai yi wani tashe na a-zo-a-gani a gida ba, amma da tashar Larabawa ta MBC ta ɗora masa Larabcin Sham a 2008 ta sa masa suna Noor, ya girgiza ƙasashen Larabawa. Masu fassarar Hausa kuma sukan zuba barkwanci da karin magana da ba su cikin asali, har su sauya wa jarumi suna. Abin na da daɗi, amma wanda ya kalli wannan da wanda ya kalli asalin ba fim ɗaya suka gani ba.

Sannan akwai yanka. Diriliş Ertuğrul da tashar TRT ta nuna daga 2014 zuwa 2019 kashi 150 ne na kusan awa biyu-biyu. Da aka fitar da shi waje an daddatsa shi zuwa kashi 448 na kusan minti 45. Marubucin ya gina kowane kashi ya hau ya kai ƙololuwa a ƙarshen awa biyu. In aka raba shi uku, biyu daga ciki suna ƙarewa a inda ba a shirya ba. La Casa de Papel ma kashi 15 ne a tashar Antena 3 ta Sifen a 2017, Netflix ta sake yanka shi zuwa 22. Ƙara da abin da ke faruwa a shagon masu tura fina-finai a waya: a matse hoto don ya shiga memori, dare ya zama baƙi ƙirin, wani kashi ya ɓace a tsakiya, ko a haɗa zango na uku da fassarar wani kamfani daban, muryoyin su sauya.

Inda manya ke faɗuwa

In akwai wuri ɗaya da ya kamata a tsananta hukunci, ƙarshen labari ne. Fara labari mai jan hankali abu ne da marubuta da yawa ke iyawa. Kulle shi ne aiki.

Game of Thrones ne babban misali. Kashi 73 ne daga 2011 zuwa 2019. Zango shida na farko kowanne kashi 10, na bakwai aka rage zuwa 7, na takwas zuwa 6. An gina shi a kan littattafan da marubucinsu bai gama ba, daga zango na shida shirin ya wuce inda littafi ya tsaya. Kuɗi bai yi ƙaranci ba, an ruwaito kusan dala miliyan 15 a kowane kashi na zangon ƙarshe. Lokaci ne ya yi ƙaranci. Tafiyar da a da ke cin kashi biyar sai ta koma ta minti biyar, sauyin halin da ke buƙatar zango guda aka yi shi a dare ɗaya. Sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar neman a sake zangon.

Prison Break cutarsa akasin wannan ce. Dabarar ta zango ɗaya ce: mutum ya shiga kurkuku da taswira a jikinsa don ya fitar da ɗan'uwansa. Da suka fita, labarin ya ƙare, amma kasuwa ba ta ƙare ba, sai aka yi ta neman sabon kurkukun da za a mayar da su. The Sopranos kuwa a Yunin 2007 allo ya yi baƙi a tsakiyar cin abinci, mutane da yawa suka ɗauka na'urarsu ce ta lalace. Har yau ana musu a kansa, amma musun na ma'anar abin da ya faru ne, wanda ya bambanta da ƙorafin cewa an yi aikin gaggawa.

Ina namu na Hausa?

Tsofaffi za su kawo Samanja na marigayi Usman Baba Pategi, da Karkuzu, da wasannin marigayi Kasimu Yero. Matsalar ita ce ba za a iya zama a sake kallon yawancinsu daga farko zuwa ƙarshe ba. Tashoshin da, a ko'ina a duniya, suna goge kaset su ɗora sabon shiri a kai saboda tsadarsa. BBC kanta ta yi asarar kashi da dama na Doctor Who ta wannan hanya, kuma abin mamaki, a 2013 an gano tara daga cikinsu a wani ɗakin ajiya na gidan talabijin a Jos. Shirin da babu shi a ajiye, ba ya shiga gasar "mafi girma", komai kyansa, sai dai a yi ta ba da labarinsa.

Sabon zamani ya fara da kafuwar Arewa24 a 2014. Daɗin Kowa ya ɗauki salon zama da mutane shekara da shekaru, ya ci kyautar fina-finan Afirka ta AMVCA a 2016. Kwana Casa'in a 2019 ya shiga siyasa da aikin jarida a wata jiha ta ƙirƙira mai suna Alfawa, kuma shi ne ya fi kusa da abin da The Wire ya yi, wato ɗaukar tsarin mulki a matsayin jigon labari. Labarina na Aminu Saira da Izzar So sun zo a 2020, lokacin da kasuwar faifai ta riga ta mutu, masana'antar ta koma YouTube.

Raunin da aka fi gani a irin waɗannan shirye-shirye bai taso daga rashin basirar 'yan wasa ba. Daga hanyar samun kuɗi ya taso. YouTube na biya ne da talla, kuma bidiyon da ya kai minti 8 ne ake iya saka masa talla a tsakiya, don haka tsawo riba ne. Sai ka ga mota ta shigo gida, an buɗe ƙofa, an rufe, an yi gaisuwa ta minti uku, duk an bar su. Da yawa ana rubuta su ana ɗauka ana fitarwa a lokaci guda, babu wancan allo da aka tsara zango duka a kai. In jaruma ta yi aure ko an saɓa da ita, sai a sauya fuska ko a kashe ta a labari. In masu sharhi a ƙarƙashin bidiyo suka so wani ɗan wasa, sai a faɗaɗa rawarsa ko labarin bai nema ba. Ga kuma hukumar tace fina-finai ta Kano, wadda a Mayun 2025 ta dakatar da shirye-shirye 22 a lokaci ɗaya kan batun miƙa su a tace kafin fitarwa.

Abin da suke da shi wanda babu shirin waje da zai ba mu shi ne rashin shamaki. Habaicin kishiya, nauyin suruki, yadda yaro ke durƙusawa ya ce "Baba, ina kwana", duk suna isowa yadda suke. Haka Ma Famille na Kodebuwa ya yi wa masu Faransanci daga 2002. A wannan fage, Bahaushiyar Marwa da ta ɗora Labarina sama da The Sopranos tana da hujjar da ta fi ta ɗalibin da ke karanto jerin mujalla bai kalli ko ɗaya ba.

Ma'aunin tarbiyya

Akwai ɓangaren da jerin Turawa ba sa sakawa a lissafi, alhali a gidajenmu shi ne na farko: za a iya kallonsa da iyali? Game of Thrones da The Sopranos cike suke da tsiraici da zubar da jini. Wannan na cikin abin da ya ɗaga Ertuğrul a tsakanin Musulmi, ko da yake masana tarihi sun nuna cewa abin da aka sani tabbas game da mutumin kaɗan ne ƙwarai, yawancin labarin ƙirƙira ce. Shirin Umar bin Khaɗɗab da MBC ta nuna a azumin 2012 ya raba kan malamai: Azhar ta ƙi amincewa da nuna fuskokin manyan sahabbai, wasu malaman kamar Yusuf al-Ƙaradawi suka duba shi suka amince.

Tsabtar shiri da ƙwarewar gininsa tambayoyi biyu ne, kuma kowacce na da hurumi. Kuskuren shi ne a amsa ɗaya da ɗayar. Ga iyaye, alamar shekaru da ke fitowa a kusurwar allo a tashoshin Faransanci, wato 10, 12, 16 da 18, ita ce jagora mafi sauƙi, kuma dikoda na da lambar sirri ta kulle tashoshi. Fayil ɗin da aka turo a memori ba ya ɗauke da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Yadda za a gwada, da abin da zai ci

Mai son gardamar ta yi ma'ana ya fara da raba jinsi: gajere mai ƙarshe da ɗan'uwansa, na kullum da ɗan'uwansa. Sannan ya gwada abubuwan da ido ke iya gani. Ya tsallake kashi ɗaya a tsakiyar zango: in bai rasa komai ba a shirin da ke iƙirarin labari ɗaya yake bi, an cika shi da ƙaiƙayi. Ya ɗauki jarumin a kashin farko da na ƙarshe, ya tambaya ko zai iya nuna matakan da suka kai shi daga can zuwa nan. Ya duba mugun labarin, ko yana da dalilin da shi kansa ya yarda da shi, ko kuwa mugu ne kawai don marubuci na buƙatar mugu. Ya lura da yadda ake warware matsala: daga abin da aka shuka tun baya, ko da hatsarin mota, mantuwa, da wasiyyar da ta faɗo daga sama. Gwaji mafi tsanani shi ne kallo na biyu, lokacin da ka riga ka san abin da zai faru. Shirin da ƙarfinsa duka a "me zai biyo baya" yake, kamar 24, yana yin sanyi a nan. Wanda aka gina a kan hali da magana yana ƙara daɗi.

Kafin a yanke hukunci kuma, a tambayi abokin musu da wane harshe ya kalla, kuma ko ya kai ƙarshe. Da yawa daga masu kare shiri zango biyu suka gani.

Sai lissafin lokaci da data, wanda a garin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa ba ƙaramin abu ba ne. Breaking Bad kusan awa 50 ne, The Wire kusan 60, Oshin kusan 74, Ertuğrul kuwa ya kai awa 300. Mai kallon awa biyu kowane dare zai gama na farko cikin kwana 25, na ƙarshe sai ya yi wata biyar. A YouTube, awa ɗaya a ƙaramin hoto na 360p na cin kusan megabayit 300, in aka ɗaga zuwa 720p ya haura gigabayit ɗaya. Ke nan Ertuğrul a ƙaramin hoto ma zai lashe kusan gigabayit 90. Wannan ne ke kai mutane shagon turi, inda ake cika memori da 'yan sefa kaɗan. Ga shirin Amurka ko Turkiyya, wanda ya riga ya mayar da kuɗinsa a gida, asarar ba ta taka kara ta karya ba. Ga shirin Hausa da ke rayuwa da tallar YouTube, duk kashin da aka kalla ta memori ba ya shiga ƙidayar masu kallo, kuma ko sisi ba ya isa ga wanda ya biya marubuci da mai kyamara.